Gada Ta Uku Ta Ikko: Yadda Aka Shimfiɗa Titi A Kan Tafki



Mu mutanen Katsina ba mu saba da babban ruwa ba. In ka ɗebe madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Zoɓe, sauran abin da muka sani kududdufai ne da 'yan ƙoramu masu ƙafewa da rani. Saboda haka in aka ce mana akwai inda mota take tafiyar kilomita goma sha ɗaya da ɗoriya a kan gada, yawancinta ruwa a dama ruwa a hagu, sai mu ga kamar tatsuniya ce. To, ba tatsuniya ba ce, a ƙasarmu abin yake. Ina nufin Gada ta Uku ta birnin Ikko, watau Legas, wadda a Turance ake kira Third Mainland Bridge. Zan yi bayanin dalilin gina ta, da yadda aka yi ta ƙara mata tsawo, da yadda ake kafa gini a cikin ruwa, da kuma matsalolin da ta fuskanta bayan an gama ta.

Me ya sa Ikko take bukatar gada?

Asalin garin Ikko tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. A kan tsibirin nan fadar sarkin garin take, da manyan kasuwanni irin su Balogun da Idumota, da bankuna, da ofisoshi. Amma tsibirin ƙarami ne, ba zai ɗauki kowa ba. Mafi yawan jama'a a tudu suke kwana, a unguwanni irin su Yaba da Mushin da Ikeja da Agege. Ke nan kullum da safe sai mutane su kwararo daga tudu zuwa tsibiri neman abinci, da yamma kuma su juya gida.

Ruwan da ya raba su shi ne tafkin Ikko. Ba irin tafkinmu ba ne, domin yana da baki da yake haɗe da tekun Atlantika. Da damina Kogin Ogun da wasu ƙoramu sukan cika shi da ruwan daɗi, da rani kuwa sai ruwan teku ya shigo, ya yi gishiri-gishiri. A yawancin wurare ba shi da zurfi sosai, amma ƙasansa laka ce da yashi. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, gishiri da laka, don za mu sake komowa kansu.

Gadoji biyu na farko

Kafin zuwan gada da kwale-kwale ake haye ruwan. A shekarar 1901 Turawan mulkin mallaka suka gama gada ta farko, suka sa mata sunan Carter, wani gwamnansu da ya yi mulkin Ikko. Ta taso daga Iddo ta sauka a Idumota. A shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya fara zuwa Badun, kafin dogo ya kai Kano a 1911. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Hausa suka riƙa gangarawa bakin teku, garin ya yi ta cika yana batsewa. Daga baya an sake gina gadar Carter fiye da sau ɗaya, amma fiye da shekara sittin ita kaɗai ce hanyar mota tsakanin tudu da tsibiri.

Bayan samun mulkin kai a 1960 aka ga gada ɗaya ba za ta wadatar da babban birnin tarayya ba. Sai aka ba wani kamfanin Jamus mai suna Julius Berger kwangilar gada ta biyu a 1965, wadda ita ce aikinsa na farko a Nijeriya. Ita ce Gadar Eko, daga Ijora zuwa Apongbon, an kuwa yi ta kashi-kashi har zuwa 1975.

Ana gama ta aka tarar an riga an yi mata yawa. Lokacin kuɗin man fetur sun shigo, ma'aikata sun sami ƙarin albashin nan na Udoji, kowa ya ruga ya sayi mota. Cunkoson ya kai har a 1977 aka kafa doka a kan lambar mota: masu lamba mara su shiga wasu manyan tituna a wasu ranaku, masu lamba cika su shiga a wasu. Masu hali sai suka sayi mota biyu, kowace da irin lambarta, dabarar ta tashi a banza. Ga kuma wata matsala. Gadojin nan biyu kusa da juna suke, kuma duk wanda zai hau su dole ya ratsa ta tsakiyar unguwannin tudu masu cunkoso. Abin da ake bukata shi ne hanyar da za ta kauce wa gari gaba ɗaya. Fili kuwa babu, sai dai kan ruwa.

Kashi na farko da na biyu

An fara aikin Gada ta Uku a 1976, zamanin mulkin soja. Wasu kamfanonin Italiya ne suka haɗa gwiwa suka yi kashin farko, mai tsawon kimanin kilomita 5, daga tsibiri zuwa Ebute Metta. Shugaba Shehu Shagari ya buɗe shi a 1980. Wannan ya rage wa Carter da Eko nauyi, amma bai kai ga biyan bukata ba, domin mota tana sauka daga gadar sai ta sake faɗawa cikin cunkoson Yaba da hanyar Ikorodu.

Manufar tun asali ita ce a miƙe da gadar arewa, ta bi ta kan tafkin har Oworonshoki, inda za ta haɗu da babbar hanyar da ta nufi Oshodi da Apapa, da kuma wadda ta nufi Badun. Sai dai tsakanin buɗe kashin farko da na biyu an yi shekara goma cur. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, soja suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, aka sake yin wani a 1985. A irin wannan hali manyan ayyuka da yawa suka yi ta jan ƙafa a duk faɗin ƙasa. Daga ƙarshe Julius Berger ya yi kashi na biyu, Janar Ibrahim Babangida ya buɗe shi a 1990. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da aka gama, tsawon gadar ya zama kilomita 11.8, da layin mota takwas, huɗu masu zuwa huɗu masu dawowa. Don mu gane wannan tsawo, mu ɗauki filin tsere wanda zagayensa mita 400 ne. Sai ɗalibi ya zagaya shi sau 29 da rabi kafin ya yi tsawon gadar. Mai tafiya a ƙasa kuwa zai yi fiye da awa biyu bai kai ƙarshe ba. Ita ce gada mafi tsawo a Afirka har zuwa 1996, lokacin da Gadar Shida ga Oktoba ta birnin Alƙahira a Masar ta shige ta. Wanda yake bisa kanta yana hango Jami'ar Legas a Akoka, da unguwar masunta ta Makoko, inda gidaje suke tsaye a kan turakun itace cikin ruwa.

Wani abin lura shi ne, shekara ɗaya da buɗe gadar, ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja. Mai hasashe zai ce to, Ikko za ta sami sauƙi ke nan. Ina! Kasuwa da tashar jiragen ruwa ba su ƙaura ba, jama'a kuma sai ƙaruwa suka yi.

Yaya ake kafa gini a cikin ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai. Duk maginin da ya san aikinsa ya san ba a ɗora bango a kan taɓo. Sai an haƙa an tarar da ƙasa mai ƙarfi tukuna. A tafkin Ikko kuwa ƙasa mai ƙarfi tana can nesa, ƙarƙashin ruwa da laka mai kauri.

Dabarar ita ce turaku. Akan ɗora manyan injuna a kan jiragen ruwa masu shimfiɗaɗɗen baya, a kai su daidai inda injiniyoyi suka auna. Sai a kafa wani ƙaton bututun ƙarfe a tsaye, a yi ta tura shi cikin laka. Sa'an nan a kwashe lakar da take cikinsa, a zura rodi da aka saƙa kamar kwando, a cika da kankare. In ya bushe ya zama turke ke nan, mai zurfin mitoci da yawa. Akan kafa irinsa da dama wuri ɗaya, a haɗe kawunansu da wani faifan kankare mai kauri, a kansa kuma a tayar da ginshiƙi. Daga wannan ginshiƙi zuwa na gaba sai a gitta dogayen sandunan kankare, kamar yadda ake jera azara a rufin soro. A kansu ake zuba daɓe, a malala kwalta.

Abin da yake riƙe da turken iri biyu ne. Na ɗaya, ƙasa mai ƙarfi da gindinsa ya taka. Na biyu, matsewar da yashi da laka suka yi wa jikinsa tun daga sama har ƙasa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tuge turken doki ya san wannan: ƙasar da ta kama shi ta ko'ina ita ce ƙarfinsa. In ka tone ƙasar da take kewaye da shi, ko ɗan yaro sai ya girgiza shi.

Akwai kuma wani abu da muka karanta a darasin kimiyya, cewa zafi yana sa abu ya miƙe, sanyi ya sa ya takure. Sandar kankare mai tsawon mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 10, takan ƙara tsawon wajen santimita ɗaya. A ido wannan ba komai ba ne, amma a gini mai tsawon kilomitoci, in ba a bar masa wurin motsi ba sai ya tsage. Don haka ba a yin gada sambal guda ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake yin ta, a bar ɗan rata a tsakani, a rufe ratar da haƙoran ƙarfe da roba. Su ne mahaɗan gada, kuma su ne suke yin ƙarar nan ta gaf-gaf in taya ta taka su. A kan kowane ginshiƙi kuma akwai matashi na roba da ƙarfe da sandunan suke zaune a kai, don su riƙa ɗan zamewa ba tare da sun ci ginshiƙin ba.

Gyara bayan gyara

Mahaɗan nan su ne suka fara gajiya. Dubban motoci suna dukansu dare da rana, ruwan sama yana bi ta cikinsu. Masu bin gadar suka fara kukan cewa tana rawa fiye da kima. An rufe wani sashe nata don gyara a 2008, aka sake rufewa a 2012 aka canza wasu mahaɗai. A watan Agusta na 2018 aka rufe ta ɗungum na kwana uku don injiniyoyi su gwada lafiyarta. Sakamakon wannan gwaji ne ya kai ga babban gyaran da aka fara ranar 24 ga Yuli, 2020, wanda aka yi shirin gamawa cikin wata shida, amma bai ƙare ba sai ƙarshen Fabrairun 2021.

A wannan gyara an yi wata dabara mai kyau. Maimakon a rufe gadar duka, sai aka rufe hannu ɗaya, aka bar ɗayan. Da safe masu shiga tsibiri su bi, da rana a juya, masu komawa tudu su bi. Duk da haka jama'a sun sha wuya, don wasu tun kafin asuba suke barin gida. Ranar 9 ga Janairu, 2024 aka sake rufe wani hannu, aka kankare tsohuwar kwalta da ta yi kauri saboda yawan ɗora sabuwa a kan tsohuwa, aka shimfiɗa wata, aka gyara fitilu. An buɗe ta ranar 4 ga Afrilu na shekarar.

Duk wannan gyaran sama ne, wanda ido yake gani. Babbar damuwa tana ƙarƙashin ruwa. A 2025 Ministan Ayyuka, Injiniya David Umahi, ya bayyana cewa binciken da aka yi a cikin ruwa ya nuna turakun Gada ta Uku da na Carter sun sami lahani. Cikin dalilan da ya kawo akwai tsatsa, da zaizayar ƙasa, da masu haƙar yashi ba bisa ƙa'ida ba. A nan ne maganar gishiri da laka ta dawo. Ruwan gishiri in ya sami 'yar kafa a jikin kankare yakan kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙara fasa kankaren. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Masu kwasar yashi kuma, don su sayar wa magina, suna tone ƙasar da ta kama turakun ne. Tifar yashi kuɗinta kaɗan ne, amma ɓarnar da take jawowa ta biliyoyin naira ce.

Gadar Eko ma ba ta tsira daga hannun mutane ba. A watan Maris na 2022 gobara ta tashi a rumfunan da 'yan kasuwa suka kafa a ƙarƙashinta a Apongbon. Wutar ta gasa kankaren, dole aka rufe wannan sashe fiye da shekara guda, motocinsa suka koma kan sauran gadojin biyu.

Gada ta huɗu

An daɗe ana maganar gada ta huɗu, musamman da gari ya miƙe gabas wajen Lekki da Ajah. Shirin shi ne a yi hanya mai tsawon kimanin kilomita 37, ta taso daga Ajah, ta haye tafkin zuwa yankin Ikorodu, ta je ta haɗu da hanyar Badun. Gwamnatin Jihar Legas ta sa hannu a wata yarjejeniya a 2016, ta soke ta a 2017. A watan Disamba na 2022 ta sanar da zaɓen wasu kamfanonin ƙasar Sin, aka ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala biliyan biyu da rabi. Shekarar 2024 ta shige ba a fara ginin ba.

Ko da an gina ta, tarihin gadoji ukun nan ya nuna cewa sabuwar hanya takan jawo sababbin motoci, ba a daɗe ba ta cika. Shi ya sa aka juya ga wasu hanyoyin sufuri. Jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023, wani kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, ga kuma jiragen ruwa na fasinja. Tarago ɗaya yana ɗaukar mutanen da sai motoci da yawa za su kwashe.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da muke Ƙofar Durbi, ina ruwanmu da gadar da take can bakin teku? Ruwanmu da tsaki kuwa. Na farko, gadar ta gwamnatin tarayya ce. Kuɗin da aka gina ta da su, da waɗanda ake gyaranta da su, daga asusun da Katsina take da rabo a ciki suke fitowa. Duk nairar da aka kashe wajen gyaran ɓarnar da sakaci ya jawo, naira ce da za ta iya gina aji ko ta sayi magani a asibiti.

Na biyu, 'yan'uwanmu suna can. Hausawa sun daɗe a Agege da Idi-Araba da Obalende. Tumatir da albasa da tattasai na Arewa a kasuwar Mile 12 ake sauke su, daga nan ƙananan motoci su rarraba su cikin gari har tsibiri. Fatakenmu kuma sukan je Balogun da Idumota sarin atamfa da leshi da sauran kaya. In gada ta rufe kuɗin mota ya tashi, tumatir ya ruɓe a kwando, manomin Ɗanja da mai sayen atamfa a kasuwar Katsina duk sai sun ji a jikinsu.

Na uku, mu ma yanzu mun shiga sahun masu irin waɗannan gine-gine. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Ba ta kan tafki, amma ita ma ruwa ne abokin gabanta. In aka cika magudananta da leda da shara, damina ɗaya ta isa ta mai da ita kududdufi.

Darasin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gidan ƙasa sai da yaɓe kafin kowace damina. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye bayan ɗaruruwan shekaru domin ana kula da ita. Ganuwar birni kuwa, da aka daina yi mata gyara, mutane suka riƙa ɗibar ƙasarta suna gini, yau a wurare da yawa sai dai a nuna maka inda take a da. Mai ɗibar ƙasar ganuwa da mai kwasar yashin gindin gada, aikinsu ɗaya ne.

Saboda haka ina kira ga hukuma da ta riƙa ware kuɗin duba gada tun ranar da aka ba da kwangilar gina ta, domin tun ran gini ran zane. Ina roƙon iyayenmu direbobi da 'yan kasuwa su guji lodin da ya wuce ƙa'ida, da kasa kaya ko hura wuta a ƙarƙashin gada. Mu kuma ɗalibai mu dage da lissafi da kimiyya da zanen fasaha. Kamfanonin Italiya da Jamus ne suka kafa mana turakun nan, amma ba za su dawwama suna duba mana su ba. Ƙasar nan tana bukatar injiniyoyinta da za su iya auna lafiyar ginshiƙi a ƙarƙashin ruwa, kuma babu abin da zai hana wasunsu su fito daga cikin azuzuwanmu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kiyaye matafiya a duk inda suke, amin.

Daga wani ɗalibin Aji Biyar,
Ƙofar Durbi, Katsina.